Ajiyar tsofaffin finafinai a ƙasar Bagudo

Tsohon fim a gidajen Bagudo da Illo da Ka'oje ba na majigi ba ne. Wancan a da kayan hukuma ne, motar da ta kawo shi ita ke mayar da shi. Abin da magidanta ke tarawa kaset ɗin bidiyo ne: na Indiya, na 'yan Chana masu duka, da na Hausa tun daga Turmin Danya na 1990. Wanda ya tsallako ta Lolo daga Jamhuriyar Benin kuwa, ba mamaki a tarar jaruminsa na zuba Faransanci, sai ɗan kasuwar da ya saba da garin Malanbil na can ƙasar ya zama tafinta, ya ƙara gishiri son ransa.

Abokan gabar kaset uku ne: ƙurar hunturu, raɓar kogin Kwara, da maƙwabci mai aro. Na ukun ya fi ɓarna.

Ranar kallo sai an tada janareto, an goge kan bidiyon da hankici. In zaren ya naɗe, dattijon gida ya ƙarasa labarin da baki. Sauya na'urar da sabuwa kuma babu hali, don kamfanin Funai na Japan ya daina ƙera ta tun 2016.