Daga Zanzibar Zuwa Zurmi: Inda Ake Sharo Da Ayaba

Unguja, Zanzibar.

Zuwa ga taubashina, bawan gidanmu,

 Ina fatan kana lafiya, da iyali, da Goggo, da duk mutanen Zurmi, har da jakin nan naka da ya fi ka sanin hanyar Shinkafi. Saƙonka ya iso, na kuma ji baƙar maganar da ka liƙa a ƙarshensa: "Mi kaka yi tsakar ruwa, kai da ba ka iya ƙetare gulbin Gagare in ya kawo?" To gyara zama ka sha labari. Amma ka sani ba kyauta ba ne, zan haɗa da kuɗin sharar da nake binka.

Fara da kwantar wa Goggo hankali. Zanzibar tsibirai ne a Tekun Indiya, gefen Tanzaniya, tafiyar kamar awa 2 a jirgin ruwa daga Darussalam. Manyan tsibiran biyu ne, Unguja da Pemba, mutanensu sun kusa miliyan 1.9 a ƙidayar 2022, kuma kusan dukkansu Musulmi ne. Kiran salla ta ko'ina, mata cikin lulluɓi, maza da hula. Galibinsu Shafi'awa ne, da asuba liman na ƙunutu a bayyane, mamu na amsawa da amin. Sai dai alƙiblarsu arewa take. Mutumin da aka haifa da duban gabas, in ya kabbara yana fuskantar arewa, sai ya ji jikinsa na neman juyawa da kansa. Kada ka gaya wa Goggo wannan, za ta ce na canza addini.

Aikina dai na koyar da lissafi yana tafiya. Yaran nan da na gida duk ɗaya ne, ranar jarrabawa kowa cikinsa ke ciwo. Abin da ka tambaya shi ne me ake yi in an tashi aiki, shi zan ba ka.

Babbar sana'ar ƙasar nan ita ce sayar wa Turawa rana. Ba wasa nake ba. Ranar nan da kake biyan 'yan ƙwadago su shiga dominka lokacin maimai, ita mutum zai hawo jirgi daga Italiya ko Jamus ya biya dala ya kwanta cikinta a kan yashi, ya shafa mai, ya gasa gaba, ya juya ya gasa baya. In ya yi jawur sai ya ce hutu ya yi kyau. A gabashin tsibirin, wani gari da ake kira Paje, har da masu ɗaura wa ƙugunsu wata ƙatuwar lema da igiyoyi, su tsaya kan allo, iska ta riƙa fizgarsu a kan ruwa tana ɗaga su sama tana makawa. Kuɗi suke biya a koya musu.

Ni abin da ya fi ɗaukar mini hankali a wannan gaɓar shi ne matan ƙauyen. Teku a nan yana janyewa sau biyu a kwana, ya yi nisa har ka ce ya yi yaji, sannan ya dawo. Da ya janye sai su shiga da zannuwansu har gwiwa, inda suka kafa turaku suka ɗaura igiyoyi, suna noman wata ciyawar ruwa. Tun wajen ƙarshen shekarun 1980 aka fara. Su cire, su shanya, a saya a fitar waje, ana sa ta cikin sabulu da abinci da kayan shafa. Gona ce da ba ta son taki, ba ta jiran damina, ba kuma shanun da za su shiga. Sai dai kuɗin da ake ba su bai kai wahalar ba, gishiri na cin ƙafa, rana na cin ido, ga Baturiya can kwance taku kaɗan daga gare su tana biyan kuɗin ranar da ke gasa su.

An kai ni dajin Jozani kallon birai. Ka ji fa, birai! Wasu jajaye ne masu farin gashi a ka, ba a samunsu ko'ina sai tsibirin nan, har gawayi suke ci don ya gyara musu ciki bayan sun ƙoshi da ganye. Akwai ɗan rakiya, akwai kuɗin shiga, akwai dokar kada ka matsa kusa ka dame su. Na tuna yadda muke kwana jifan 'yan'uwansu a gonar Kawu, na ce ashe dukiya muke kora. Akwai kuma wani ɗan tsibiri, Changuu, da aka gina wa kurkuku a 1893 amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba. Yanzu manyan kunkuraye ne ke mulki a wurin, jikokin guda 4 da aka kawo kyauta daga Seshel a 1919. Ɗaya zai iya ɗaukarka da buhun gero. Saurinsu kuwa irin naka ne ranar biyan bashi.

To yanzu ga wanda na ajiye maka.

A kudu maso gabashin Unguja akwai garin Makunduchi. Duk shekara cikin watan Yuli suna bikin shiga sabuwar shekararsu, Mwaka Kogwa, kwana 4 ana yi. Sun ce kakanninsu Shirazawa ne suka zo da shi daga Farisa. Da sassafe a je teku a yi wanka, a wanke dattin shekarar da ta wuce. Hantsi na yi sai a cika wani fili. Mazan arewacin gari su fito ayari guda suna sassarfa suna waƙa, na kudanci ma haka, kowa riƙe da bulala. Bulalar me? Ɓawon itacen ayaba, wanda aka yanka tsawon hannu. Na dubi abokin aikina da ya kawo ni, na ce da wannan za a yi? Ya ce da can sanduna ake amfani da su, da aka ga ana fasa kawuna sai aka koma wa ayaba.

Taubashi, ka san sharo yana da ladabi. Mutum ya tsaya ya ɗaga hannu, a zuba masa tsumagiya, ya yi murmushi yana duba madubi, sannan a sa ranar ramuwa. Nan babu wannan. Da ayarin biyu suka haɗu sai kawai wuri ya kaure. Tim! Tim! Ƙura ta tashi, ruwan ayaba na fantsama, zare-zarenta na tashi sama. Wanda ke gabana wani siririn saurayi ne da ya sa rigar sanyi biyu a wannan zafin, ya naɗe kansa da tsumma. Ya tasa wani ƙato gaba yana zuba masa a kafaɗa har bulalarsa ta zama igiya, ya jefar, ya ruga gefe ya warto sabuwa hannun wani yaro da ke riƙe da dami, ya dawo. Ƙaton ya tare shi da guda ɗaya a gadon baya, sai ga shi zaune. Ya ɗaga hannu biyu sama. Shi ke nan, an bar shi, ya tashi yana dariya yana sosa wurin. Kada ka raina ta, tana da nauyi, ruwa ne cike da ita. Wata da ta kauce ta same ni a hannu, har yanzu in na tuna sai na shafa wurin.

Hikimar, in ji su, ita ce duk wanda kake jin haushinsa a shekarar, ka same shi a filin nan ka sauke abin da ke ranka, shi ma ya sauke nasa, a shiga sabuwar shekara ba ƙulli. Ba kotu, ba alƙali, ba kuɗin lauya. Nan take na tuna da kai da babur ɗina da ka ara ka dawo da shi ba madubi. Ka fara neman rigar sanyi biyu.

Mata ba sa duka, amma nasu ya fi zafi. Sun ci ado da sababbin zannuwa, suna zagaya fili ayari-ayari suna waƙoƙin habaici ga maza: wanda bai sai wa matarsa zane ba, wanda ya cika rowa, da wasu batutuwan da abokina ya fara fassara mini, ya kai rabi ya ce sauran sai na ƙara girma. Maza kuma su mayar da martani. Can da rana ta take sai aka kafa 'yar bukka da busasshen ganyen kwakwa, bokan gari ya shiga, aka cinna mata wuta, ya fito da gudu ya faɗa cikin ciyawa, jama'a suka yi ta watsa ƙasa da duwatsu har ta mutu. Wai daga inda hayaƙin ya nufa ake gane yadda shekara za ta kasance. A nan ne fa ni da su muka raba hanya, kuma ba ni kaɗai ba, malaman garin da yawa suna wa'azi a kan wannan ɓangaren. Amma abin da ya biyo baya ba wanda ya yi wa'azi a kansa: shinkafa dafa-duka mai kanumfari da kirfa da nama, a kowane gida. A wurinsu abin kunya ne biki ya wuce ba ka yi baƙo ba, har jan hannunka ake yi a hanya. Da kai ne, da ka zaga gida bakwai kana cewa yanzu ka iso.

Na ce kanumfari. Wanda Inna ke ƙulla wa a leda tana ƙirgawa ɗaya-ɗaya kafin ta jefa a kunu, a nan bishiya ce doguwa, kuma a Pemba shanya shi ake a tabarmi bakin hanya, gari duk ya ɗauki ƙamshi. Shi ya ja Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya dawo da fadarsa nan daga Maskat wajen 1840, bayi kuma suka yi noman. A Pemban ne kuma suke wasa da bijimi: a sako shi fili, samari su yi ta tsokanarsa da ƙyalle suna gocewa, a gama ba a yanka shi ba. Na ba su labarin hawan ƙaho, yadda ɗan mahauta ke rungumar kan sa ya zauna tsakanin ƙahonni ana kiɗa masa kalangu. Sun ce ƙarya nake. Ka turo mini bidiyo in wanke kaina.

Sallarsu kwana 4 ce, a filin Mnazi Mmoja cikin birni: lilo, kayan wasan yara, soye-soye, 'yan mata sun sha lalle. Ta yi kyau, amma ba doki ko ɗaya. Ba tambari, ba algaita, ba jafi. Sarauta ta ƙare musu tun juyin juya halin 12 ga Janairu 1964, sarkin ƙarshe ya tsere zuwa Ingila. Na tsaya a filin ina tuna hawan Sarkin Kiyawa a garinmu Kaura, har na ji ƙura ma ina kewarta. Na san za ka ce na Zurmi ya fi. Ku fara samun tashar jirgin ƙasa tukuna, mu tun 1929 dogo ya iso mana, ko da yake yanzu awaki ne suka fi amfani da shi.

In magariba ta yi kuwa, kowa Forodhani yake nufa, wani lambu a bakin teku gaban tsohuwar ganuwar da Omanawa suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal. Kafin rana ta faɗi samari ke layi a kan katanga, ɗaya bayan ɗaya su rugo su yi alkafura su faɗa teku, jama'a na tafi. Duhu na yi sai tebura su fito da fitilu: tsiren kifi, ƙaguwa, jatan lande, da wata halitta mai ƙafa takwas da suke kira pweza, wadda na ɗanɗana don kada a ce ɗan Kaura ya ji tsoro. Tauna ta sai mai haƙoran gado. Akwai romon urojo mai tsamin mangwaro da dankali, akwai ruwan rake da ake matsewa a gabanka da citta da lemun tsami. Wannan kam na sallama musu. Tsirensu na nama kuwa ba ƙuli, ba yaji, abin tausayi. In sun ji harshenka ba na gari ba ne sai farashi ya ninka, amma wanda ya yi ciniki a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ba a yi masa wannan.

A wurin nan ne wasa ke fita daga bakina, taubashi. Ƙarfe 11 na dare za ka ga mace da 'ya'yanta zaune kan benci suna shan rake, tsoho na gyangyaɗi da carbi, matasa sun taho daga ƙauye a mota za su koma a daren. Ba mai tambayar ko hanya lafiya. Ba mai kasa kunne in ya ji ƙarar babura. Ni da kai mun san lokacin da ake tashi daga kasuwar Shinkafi bayan isha'i a kama hanyar Kaura ana waƙa a bayan mota, lokacin da kaka ke zuwa da dambe da kokawa, 'yan mata na gaɗa a dandali har wata ya faɗi. Wasanninmu ba su gaza nasu ba ko kaɗan. Dare ne aka ƙwace mana. Tekunsu su riƙe abinsu, ni daren nan kaɗai nake musu hassada. Allah Ya dawo mana da namu, Ya kare ku.

Kada ka ɗauka aljanna nake. Gumi ba ya bushewa, ba hunturu, takalmi na yin fumfuna a ɗaki lokacin ruwan Afrilu, kuma komai da kwakwa ake dafa shi, har wake. Tuwon masararsu ba miyar kuka. Saboda haka akwai wani malami ɗan Gusau da zai je gida hutu ya dawo nan, zan turo maka lambarsa. Ka haɗa masa kuka, da daddawa, da busasshiyar kuɓewa, da yajin ƙuli, da kilishin da ba ka ɓalli gefensa ba. Ni kuma zan ba shi kanumfari mudu guda na Inna da Goggo su raba, da zanen kanga biyu na amaryarka, don kada ta koyi waƙar matan Makunduchi.

Ka gaishe da Kawu, ka ce masa ina nan ina salla a kan lokaci. In za ka kira, ka tuna agogonmu ya riga naku da awa 2, ka daina tada ni tsakar dare kana tambayar ko ruwa ya cinye ni.

Wassalam.

Ubangidanka,
Ɗan Kaura.