Yadda Ake Koyon Zama da "Allah Masani" a Gure

Fargaba tana kama mutum ne ta wajen tambayoyin da babu mai amsarsu yau: ko damina za ta yi kyau, ko yaro zai ci jarrabawa, ko ɗan'uwan da ya tafi Libiya zai kira. Masana halayyar ɗan Adam na jami'ar Laval da ke Kanada, cikinsu har da Michel Dugas da Robert Ladouceur, sun nuna tun shekarun 1990 cewa mai yawan damuwa rashin tabbas ne ba ya iya jimrewa, ko da abin da ake jira ƙarami ne. A 2016 kuma wasu masu bincike a Landan suka sa mutane wasan kwamfuta na ɗaga duwatsu, wanda ya tarar da maciji a ƙasa a ɗan ja shi da lantarki a hannu. Hankalinsu ya fi tashi lokacin da ba su san ko macijin na nan ba, fiye da lokacin da suka tabbata yana nan. Maganin shi ne sabo da rashin tabbas, kaɗan-kaɗan, kuma garin Gure, mai tazarar kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram a kan hanyar Difa, yana ba da darasin kyauta.

Mai koyo ya fara da tasha. Ƙaramar mota ba ta san agogo ba, cika take jira. Idan kamasho ya ce saura mutum ɗaya, gaskiyarsa ya faɗa, sai dai mutumin nan yana iya kasancewa bai gama karin kumallo a ƙauyensu ba. Aikin mai koyo shi ne ya tambayi lokacin tashi sau ɗaya tak, ya karɓi "yanzun nan" hannu bibbiyu, ya nemi inuwa. Ƙirjinsa zai yi zafi, ƙafarsa ta riƙa son komawa wajen direba. Ya bar ta ta so. Wannan zafin yana hawa ne ya sauka da kansa idan ba a yi masa hidima ba, kuma kowace tambaya ta biyu hidima ce: tana sanyaya rai na minti biyar, sannan ta koya wa zuciya cewa ba za ta zauna lafiya ba sai an sake tambaya. Wanda ya daure yakan isa Damagaram tare da wanda ya tambaya sau goma, a mota ɗaya, amma da sauran yawu a bakinsa.

Daga nan sai salula, wadda ta fi tasha wuya domin tana aljihu. Wanda ya aika saƙo ba a amsa ba yakan yi wa mai shirun jana'iza a zuci kafin la'asar, alhali a karkarar Tesker ko Kelle rashin rezo da mutuwar batir sun fi kowace musiba yawa. A kife wayar, a yanka mata lokaci, a ce bayan kowace salla. Kira na bakwai a jere bai taɓa cika batirin kowa ba.

Babban aji shi ne gona. Ruwan da Gure ke samu a shekara bai cika wuce milimita 300 zuwa 400 ba, kuma yakan zo yadda ya ga dama tsakanin Yuni da Satumba. Dattawan ƙasar Muniyo, inda Gure take, sun ga farin 1973 da na 1984, matasa sun ga ɗango a 2004 da yunwar da ta biyo a 2005, saboda haka tsoronsu yana da tushe, ba a raina shi. Duk da haka manomi yakan yi binne: ya zuba irin gero a busasshen rairayi tun ba a ga hadari ba, ya koma gida ya ci tuwonsa. Abin lura shi ne yadda ya raba aikin. Ya ajiye irin da zai sake shukawa idan na farko ya ƙone, ya haɗa gero da wake, yana da ɗan lambu a kwari inda dabino ke tsaye ko ruwa ya yi jinkiri, yana da akuya biyu na ranar tsiya. Wannan duka tanadi ne, yana da farko yana da ƙarshe. Tsayawa a tsakar gida ana harar gabas kowane rabin awa kuwa ba ya cikin aikin gona, wuya kawai yake sa wa ciwo. Mai koyo ya riƙa auna duk tunanin da ya dame shi da tambaya ɗaya: akwai abin da hannu zai yi a kai yau? Idan akwai, ya tashi ya yi. Idan babu, tawakkali ya karɓi aikin, kuma malamai sun daɗe suna koyar da cewa bayan kama sababi yake zuwa.

Kasuwa darasinta gajere ne. Mai kai rago Subdu ko Gidigir bai san yadda naira za ta kwana da sefa ba, don haka ya yanke tun daga gida kuɗin da ba zai sayar ƙasa da shi ba, ya daina tambayar duk wanda ya haɗu da shi a hanya.

Ga wanda damuwa ta zame wa baƙon da ba ya sallama, a ba ta lokacin ziyara. Shayi ya dace da wannan: daga ɗora buta zuwa kofin farko mai ɗaci, a zauna a damu sosai, har a rubuta abin a takarda. Kofi na biyu na hira ne. Idan ta dawo da tsakar dare, a shaida mata gobe akwai shayi.

Wannan horo na fargabar yau da kullum ne. Wanda barci ya ƙaurace masa makonni, ko zuciyarsa ke bugawa har numfashi ya sarƙe, ko ya kasa fita neman abincinsa, ya je asibitin gari ya gaya wa likita yadda abin yake, ya tafi da ɗan'uwan da zai taya shi jiran layi.