Mu a Mile 2 Ƙarƙashin Mota Muke Fara Leƙawa

Duk wanda ya taɓa zama da mu a teburin mai shayi a Mile 2 Diobu, nan Fatakwal, bayan sallar isha'i ya san musun da ba ya ƙarewa. Na ƙwallo yakan mutu idan alƙali ya hura usur. Na dala Alhaji mai canji ke yanke shi da kalma ɗaya. Amma da zarar an tabo zancen mota, kowa ya zama injiniya, har wanda ko keke bai mallaka ba. Ni ma ina cikinsu, ba zan ɓoye ba.

Daren jiya ɗan autan majalisa, yaron nan da ke karatu a jami'ar jihar Ribas can Mile 3, shi ya tono rigimar. Ya miƙa wa Baba direba waya da hoton Cybertruck ta kamfanin Tesla. Baba ya gyara tabarau, ya juya wayar sama, ya juya ta ƙasa.

"Ɗan nan, sun gama ƙera ta ne, ko har yanzu tana wajen mai walda?"

Mai shayi ya leƙo ta kan tukunya ya ce ai wannan akwatin ƙarfe ce, irin wadda ake kai yara makarantar kwana da ita, taya kawai aka sa mata. Yaro ya dage wai ita ce motar gobe. Ya ce a watan Nuwamba na 2019 aka fara nuna ta a Amurka. Sai bakinsa ya suɓuce ya ƙara da cewa a ranar an jefi gilashinta da dunƙulen ƙarfe don a nuna wa duniya ba ya fashewa, ya kuwa tsage a gaban jama'a. Baba ya mayar masa da wayarsa ya ce, "To, ai ka ji da bakinka."

Ka lura da mu wata rana. Idan baƙuwar mota ta tsaya a layi, wasu za su zagaya ta suna yaba fenti, amma Bahaushen Diobu durƙusawa yake yi ya leƙa ƙarƙashinta. Fatakwal ce ta koya mana haka. Garin da damina ke cinye fiye da rabin shekara, ruwa ya sauka awa biyu kwata ta cika ta tumbatso kan titi, me za ka yi da motar da cikinta ke sharar ƙasa? Bayan an leƙa sai tambaya ta biyu: akwai kayanta a Ikoku? Kasuwar kayan gyaran mota ta Ikoku ga ta nan a hancinmu, kuma ita ce kotun ƙoli. Idan ka nuna wa Oga mai shago hoton fitila ya girgiza kai ya ce sai an aika Legas, to motar nan ta faɗi, ko da zinari aka ƙera ta. Ta uku ba a ma faɗa da ƙarfi, but kawai ake buɗewa a yi lissafi da ido: jarkar manja nawa, buhun gari nawa, ina za a sa akwatin uwargida idan za a tafi gida sallah.

Sai dai ƙarya muke idan muka ce kyau bai dame mu ba. Da bai dame mu ba, da ba mu riƙa raɗa wa motoci suna kamar jarirai ba. Honda Accord ta 2003 aka ce End of Discussion, wato magana ta ƙare. Da aka sake mata fitilun baya a 2006 aka ce Discussion Continues, ashe da sauran magana. Ta 2008 a nan Kudu Evil Spirit ake ce mata, a Kano kuwa Anaconda. Camry ma ga Big Daddy, ga Muscle. Babu ko ɗaya daga cikin sunayen nan da aka samo daga inji. Daga fuska da ƙira suka fito.

Kuma fuskar ce ke ɓata wa Baba rai. Ya ce motocin yanzu duk a fusace suke, ido a tsuke kamar wanda ake bi bashi, baki a wangame. Ya nuna wata Lexus da ke wucewa ya ce dubi gabanta, sai ka ce tarwaɗa. Bakaniken da ke gefena ya ce shi ba fushin ne damuwarsa ba. A da idan fitila ta mutu, ƙwai ɗaya za ka saya ka murɗa. Yanzu wasu sai ka cire bamba, ka canza fitilar ɗungurugum. An kwashe maɓallai an mayar da su cikin allon da ake shafawa kamar waya, ranar da allon ya ɗauke, har sanyin mota ya tafi hutu. Wasu sababbin ma ko safaya ba a sa musu. Baba ya ce wanda ya yanke wannan shawarar bai taɓa yin faci tsakanin Lokoja da Abaji da tsakar dare ba.

Daga nan, kamar kullum, aka gangaro kan Fijo 504. Baba ya ce ita ce mota mai kunya, fuska a sake, baya a ɗage, kuma mutanen Kaduna ne suka zana ta don hanyoyinmu. Yaro ya ce, "Baba, a gafarce ni, a Kaduna haɗa ta aka yi." Gaskiyarsa ne. A 1968 ta fito a Faransa, gidan zane na Pininfarina da ke Italiya ya fitar da siffarta, masana'antar Fijo ta Kaduna kuma sai a 1975 ta fara aiki. Baba ya kurɓi shayi ya ce ko ma wa ya zana ta, ya sha nonon uwarsa.

Alhaji mai canji, wanda tun ɗazu yake danna kwakuleta, ya ɗago. "Wai mu ba mu da mai zanen mota ne, sai Turawa?"

Muna da shi mana. Jelani Aliyu, Basakkwace, an haife shi a Kaduna a 1966. Ya karanta zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, ya wuce Detroit ya koyi zanen mota, kamfanin General Motors ya ɗauke shi a 1994. Shi ya zana siffar Chevrolet Volt da aka nuna a baje kolin motoci na Detroit a watan Janairun 2007. Yaro ya nemo hoton: dogon hanci, manyan tayoyi, rufi a kwance, kamar damisa za ta yi tsalle. Har Baba sai da ya ce, "Wannan kam ta yi." Sannan yaro ya nuno wadda aka fara sayarwa a ƙarshen 2010. Teburi ya yi tsit. An goge kusurwoyin, an dunƙule ta, ta koma motar kai yara makaranta.

"An yi masa maguɗi," in ji Alhaji.

Ba maguɗi ba ne, ranka ya daɗe, iska ce. Ta farkon motar nuni ce, guda ake ƙerawa don a gwada tunani a ga ko mutane za su so. Da aka sa ta a ɗakin gwajin iska sai aka ga kusurwoyin nan masu burgewa suna tare iska, motar da ke tafiya da batir kuwa duk iskar da ta tare caji take ci. Dole aka sassauta. Mai shayi ya ce shi ya gane tun tuni: hoton da tela ke nuna maka a kalanda daban, abin da zai miƙo maka daren sallah daban. Ni dai a wannan gaɓar ina bayan tela. Rigar kalanda ba a zama da ita a tabarma.

Abin da ya tashi majalisa shi ne yadda Volt ke aiki. Tana tafiyar kimanin kilomita 60 da batir, idan ya yi ƙasa sai wani ƙaramin injin fetur ya tashi ya riƙa samar mata da wuta. Alhaji ya ajiye kwakuleta. "Wato idan an ɗauke wuta sai ta tada janareta? Wallahi ko ba a faɗa ba na san ɗan Najeriya ne ya yi wannan!" Na so in ce shi jiki ya zana, injin aikin wasu ne, amma dariya ta hana, kuma babu mai son ji.

A da idan aka ambaci motar lantarki a teburin nan tsaki ake yi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, tsakin ya ragu, tambaya ta ƙaru. Jelani ɗin ma ya dawo gida a 2017, lokacin da Buhari ya naɗa shi shugaban hukumar tsara da bunƙasa motoci ta ƙasa, ya riƙe ta har 2023. A zamaninsa aka nuna Hyundai Kona mai lantarki da aka haɗa a Legas, aka kuma buɗe wurin cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a 2021. Baba ya ce rana kam Sakkwato ba ta da matsala, a zo Fatakwal a watan Yuli a nemo ta.

Kafin mai shayi ya kife kofuna mun tsaida magana, ni aka ɗora wa isar da ita. Don Allah duk wanda ke da hanyar ganin Malam Jelani ya gaya masa mutanen Mile 2 na gaisuwa. Idan zai sake zana wata, ya ɗaga mata ciki da taƙi guda, ya mayar mana da safaya, but ɗin ya ɗauki jarka huɗu, kuma kada fentin ya zama fari, saboda baƙar ƙurar nan da ke sauka a Fatakwal tun 2016. Fuska kuwa mun bar masa, ya yi yadda ya ga dama, mu za mu raɗa suna.