Kurege da Alƙalan Sama

Ga ta nan, ga ta nanku.

A dajin Gagarawa, cikin ƙasar Gumel, an yi wani Kurege mai 'yar gonar gado, yana noma gero da riɗi. Wata bazara sai ga Giwa da takarda mai hatimin Zaki, ta ce rake za ta shuka, ta haɗa har da gonarsa. Mutanen wajen sun san wannan ciwon, don a zamanin Gwamna Badaru an sha taƙaddama kan hekta 12,000 da aka ware wa kamfanin Lee domin rake.

Kurege ya kai ƙara gun Dila. "Allah ya gafarta malam, a nan aka binne cibiyata." Dila ya duba kundi ya ce tun 1978 ƙasa duk amana ce a hannun Zaki. Aka sallame shi.

Yana kuka a gindin tsamiya sai Shamuwa ta sauka, ita da ba ta san iyaka ba. Ta ce, "Ɗana, share hawaye. Sarakunan dazuzzuka 15 sun naɗa Gauraka alƙali, kuma talaka na iya kai sarkinsa ƙara gabanta. Na ga irinta wajen 'yan Adam. A 2008 kotun ECOWAS ta zauna a Yamai, ta ce Nijar ta kasa kare Hadijatou Mani daga bauta, aka biya ta jaka dubu goma na sefa."

"Kullum ana bin hukuncin, Inna?"

Shamuwa ta sunkuyar da kai. "A 2016 kotun ta ce a saki Sambo Dasuki. Sai Disambar 2019 ya fito."

Duk da haka Kurege ya tafi. Gauraka ta saurare shi har ya gama, abin da ba wanda ya taɓa yi masa, ta yanke cewa a mayar masa da gonarsa ko a biya shi diyyar da za ta riƙe iyalinsa.

Labari ya kai ga Mikiya, wadda ke shari'a a kan wani dutse can gabas mai nisa. Ta aiko cewa alkawarin haƙƙin dabbobi na dukkan dazuzzuka a hannunta aka damƙa shi, ita ke da fassararsa, Gauraka ta tsaya ga rigimar kasuwa da fito. Gauraka ta mayar da amsa cewa sarakunanta ne suka ba ta wannan iko, ba kuma wanda ke ɗaukaka ƙara daga sheƙarta zuwa wani dutse. Jemage ya gaji da kai saƙo. Kowace tana da hujja, ban musa ba, amma a duk wasiƙun nan ba wadda ta ambaci sunan Kurege, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Zaki kuwa gaba ta kai shi. Ya ce sai alƙalan sama sun daidaita kafin ya san wa zai bi. Ya san Gauraka ba ta da dogari, ya san kuma Kurege ba zai shiga zauren Mikiya ba sai da sa hannunsa, shi ko bai taɓa sa ba. Ana cikin haka sarakuna uku na arewa suka fice daga taron sarakunan da suka naɗa Gauraka, talakawansu suka rasa ko da Gaurakar.

Ruwa ya sauka, raken Giwa ya yi kore. Matar Kurege ta shiga ƙwadago a gonar da ta kasance tasu.

Ran Alhamis Kurege ya naɗe hukuncin, ya nufi kasuwar Maigatari, ya hau kan turke a kara, ya karanta shi da ƙarfi. Zomo ya matso ya ce shi ma an ci gonarsa. Bushiya ta ce har da rijiyarsu. Kafin la'asar sun kai arba'in, suka ɗunguma fadar Zaki, Kurege a gaba.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "hannunka ne a takardar da ta naɗa Gauraka. Mun zo ka gaya mana ranar da za ka biya."

Ƙurunƙus.