Bara Mai Roba da Bara Mai Babbar Riga

"Gari ya lalace." Da wannan ake buɗe kowace majalisa a Birnin Gwari yanzu, tun kafin a tambayi lafiyar iyali. In ka ce me ya lalata shi, sai a ɗaga haɓa a nuna maka bakin tasha da ƙofar masallacin Juma'a, inda mata da yara da tsofaffi suka yi layi da robobi. Mai maganar zai girgiza kai ya ce a zamaninsu kowace unguwa ta san makahonta, makahon ma ya san ranar zuwa kowane gida. Yana idar da wa'azin sai ya matso, ya sassauta murya: "Af, Alhaji, ko da ɗan canji a jikinka? Na fito ban bar na cefane ba."

A kula, shi wannan ba bara ya yi ba. Zumunci ne. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Hukuma ma haka ta fahimci abin. A watan Yuli na 2015, bayan tashin bam a sakatariyar Sabon Gari da ke Zariya, Gwamna Nasir El-Rufai ya hana bara da talla a titunan jihar Kaduna. Mabarata suka fito zanga-zanga, suka tuna masa cewa su ma sun dangwala masa ƙuri'a, har suka yi barazanar zuwa kotu. A 2016 abin ya zama doka. Kano ta hana a zamanin Kwankwaso, ta sake hanawa a 2020 a zamanin Ganduje, wanda ya nuna maka irin jin maganar da aka yi a karon farko. A watan Oktoba na 2024 Minista Wike ya ɗaura ɗamarar korar mabarata daga Abuja, don kunyar da suke ba birnin a idon baƙi. Duk cikin waɗannan dokoki babu wadda ta taɓa mutumin da ya sha guga ya fesa turare, ya zauna a zauren ɗan siyasa tun hantsi har Azahar yana jiran a ce "a sallami mutane". Laifin yana ga robar. Ajiye ta, ka sa hula zanna, ka zama mai ruwa da tsaki.

Kama hanya daga Kaduna, ka bi ta Buruku da Udawa, ka ƙirga hannuwan da za a miƙo maka. Ga samari da shebur a bakin rami guda, suna zuba masa ƙasa da safe, da yamma ƙasar ta koma inda ta fito, don in ramin ya cike sana'a ta mutu. Ga mai shinge da zai leƙo ta taga ya washe baki: "Yallaɓai, yaranka na nan fa, rana ta yi zafi." Ba wanda ya taɓa ce wa wannan "Allah ya ba da haƙuri" ya wuce salin-alin.

Sai barar waya, wadda ta fi kowace ci gaba. Gaisuwa ce ke fara zuwa, doguwa, da addu'ar iyaye da ta zuriya. Kana amsa "amin" sai lambar akawun ta faɗo. Ni a sanina, mataki ɗaya tak gwamnati ta taɓa ɗauka da ya rage bara da gaske, shi ma ba da niyya ba: rufe layukan waya da aka yi a ƙarshen Satumba na 2021 saboda 'yan bindiga, wanda ya haɗa da yankinmu. 'Yan Birnin Gwari mazauna Kaduna da Abuja sun yi makonni suna barci har da minshari. Aka ce wasu har ƙiba suka yi. Sai dai ba a raba Bahaushe da dabara, mutane suka riƙa yin tafiya mai nisa neman inda sabis ke kamawa, su kashe kuɗin mota don su roƙi kuɗin mota.

Amma manyan masu miƙa hannu a ƙasar nan ba a tasha suke ba. Suna cikin dajin Kamuku da na Kuyambana. Su ba sa cewa don Allah don Annabi, ba sa karɓar tsohuwar naira ashirin, kuma su ke yanka abin da za a ba su. Shekara da shekaru manomi na biyan su kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya girbe abin da ya shuka da guminsa. In suka ɗauke mutum, danginsa su sayar da gona da shanun huɗa, abin bai kai ba, a bi masallatai ana karo-karo, a haɗa da sabon babur da katin waya a kai musu har gida. Daga nan mai gona ya kwashi iyali ya shigo gari, ya rakuɓe a kangon wani. Matar nan da ke zaune bakin tasha da goyo, tambaye ta daga ina. Za ka ji Randagi, ko Kakangi, ko wani ƙauye a wajen Dogon Dawa, Kuyello ko Damari. Ƙasar da tireloli ke lodin masara ke nan. Mijinta da buhuna yake fitar da zakka, kuma ba mamaki cikin masu cewa gari ya lalace akwai wanda ya sha tura yaro da buhu ya karɓo rabonsa. Yanzu in ya hango ta sai ya laluba aljihu, ya fito da waya, ya kara a kunne yana "Hello? Hello?" alhali wayar ko caji babu.

A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari, ya karɓi tubabbun 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Kara bayan ta yi wajen shekara 10 a rufe. Kowa ya yi murna, ni ma na yi, don wanda ya taɓa bin hanyar nan yana karanta duk addu'ar da ya haddace ya san darajar isa gida lafiya. Abin da na lura kawai shi ne, mai karɓa da bindiga an zauna da shi an yi sulhu, an sha hannu, an ɗauki hoto. Mai karɓa da roba har yau ba a aika masa takardar gayyata ba. Ga alama kayan aikinsa ne ba su da nauyi.

Kuma wai mu muna son mabarata su tafi? Ina! Bari Alhaji ya shiga neman kujera ko kwangila, malaminsa ya ce a yi sadakar farin zakara da waina kafin rana ta fito, ka ga mai cewa a kwashe mabarata yana zagaye gari da asuba yana cigiyar makaho. Marubuciyar Senegal, Aminata Sow Fall, ta gina littafi guda a kan wannan a 1979: wani babban jami'i ya kore su daga birni, suka shiga yajin aiki, sai ga shi yana bin su yana lallashi su karɓi sadakarsa don ya sami muƙami. A nan ba sai an je Senegal ba. Mai shago in canji ya yanke masa, wurin wa yake aika yaro? A farkon 2023, lokacin da takardun kuɗi suka ɓace bayan sauya fasalin naira, masu babbar riga sun wuni a layin banki, mai roba kuwa ko ba komai yana da 'yan hamsin-hamsin ɗinsa a ƙulle a gefen zane. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu na shekarar, sadakar ma ta rame. Mai ba da ɗari ya koma hamsin, mai hamsin ya koma addu'a, mai ba da buhu kuwa ba ya sakin bakin buhun sai mai ɗaukar hoto ya ce ya fito da kyau a Facebook.

Ga zaɓen 2027 na ƙaratowa, lokacin mabaratan da ke zuwa da jiniya. Za su durƙusa gaban tsohuwa su ce "Iya, a taimaka mana", su bar mata taliya da sabulu, su tafi da abin da zai ciyar da su shekara huɗu.

Na ji wasu masu kishin gari na shirin kafa kwamitin yaƙi da bara. An zaɓi shugaba da ma'aji, an buga takarda mai hatimi, za a bi 'yan kasuwa da 'yan siyasa da 'yan gari mazauna Abuja gida-gida neman gudummawa. Shugaban ya ce wanda ya samu hali ya fara turowa ta akawun ɗinsa, na kwamitin bai buɗu ba tukuna.