Zaman Kwana Uku, Kallon Ƙiftawar Ido

Duk wanda ya ce Bature ba ya wasa da lokaci, bai ga Faransa a watan Yuli ba. A watan ne ake tseren keken Tour de France, wanda jaridar L'Auto ta ƙirƙiro a 1903 don ta samu masu saye. Yanzu zango 21 ake yi cikin mako uku, tafiyar kusan kilomita 3,500. Kallo kyauta ne, babu tikiti babu ƙofa, kuma daga nan rigimar ta samo asali.

Mutumin da zai haɗe maka rai don ka makara minti biyar, shi ne zai loda mata da yara da kare a motar nan mai gado da kicin, ya haye dutsen Alpe d'Huez mai lanƙwasa 21, ya kafa sansani kwana biyu ko uku kafin ranar. Ya gasa nama, ya sha rana har ya yi jawur. Ya ɗauko fenti ya rangaɗa sunan gwaninsa a kan kwalta, gwanin da zai zo ya taka sunan ko kallo bai ishe shi ba.

Kamar awa biyu kafin isowar 'yan tsere, ayarin motocin talla ke wucewa, al'adar da aka faro tun 1930. Ana watso huluna da alewa da mariƙin makulli da ɗan ƙullin sabulun wanki. A nan ake ajiye girma a gefe. Sai ka ga dattijo mai furfura, wataƙila ma likita ne, ya ture jikan wani, ya faɗa rami, ya fito da hular da gobe zai manta inda ya jefar da ita, yana ɗaga ta sama yana haki. Wasoso dai ba shi da ƙabila.

Can sai jirgi mai saukar ungulu ya bayyana, babura suna jiniya. Idan a shimfiɗaɗɗiyar hanya ka tsaya, gudun ya wuce kilomita 40 a awa. Fiuu! "Ina jagoran tseren, mai rigar ɗorawar?" "Ai ya wuce." Sarki a hawan Sallah ko ba komai tafe yake sannu, ka yi jinjina ya ɗaga maka hannu. Nan kuwa sai mutum ya zaro waya ya tambaye ta abin da ya faru a gabansa.

Shi ya sa masu wayo ke hawa dutse, inda keke ke jan ciki. Sai dai a can kowa so yake a gan shi a talbijin. Wani Bajamushe, Didi Senft, tun 1993 yake shigar shaiɗan, da ƙaho da mashi mai baki uku, yana tsalle a bakin hanya, har ya fi wasu 'yan tseren suna. Wasu kuma su tuɓe riga, su bi ɗan tsere a guje suna kurma masa ihu a kunne, bawan Allah yana neman numfashi. A 2016, a dutsen Ventoux, cunkoso ya tsayar da babur ɗin masu ɗaukar hoto, Chris Froome ya faɗi, kekensa ya lalace, jagoran tseren keke ya kama gudu da ƙafa.

Wadda ta ƙure kowa ita ce wata mata a 2021. A zangon farko ta miƙo kwali mai ɗauke da gaisuwa ga kakanninta, ta ba 'yan tsere baya tana yi wa kyamara murmushi. Ɗan tsere Tony Martin ya bangaji kwalin, ayari ya zube a kansa, kekuna da mutane tuli guda. Ta sulale, 'yan sanda suka shiga nemanta, daga bisani kotu ta ci ta tarar yuro 1,200. Gaisuwar dai ta isa wurin kakannin, har da sauran duniya.