Bakano da Ƙusar Guntun Taba

Bawana, ɗan Kasuwar Kurmi, labari ya iso mana Zazzau cewa ka shiga sahun manya. Ka yi sallama da kara ɗaya-ɗaya na teburin mai shayi, ka koma tabar Havana, mai kaurin nan da ake naɗewa da hannu daga ganye zalla. Madalla. Kyauta aka ba ka, na sani, don Bakano ba ya ƙona kuɗinsa da ashana.

Ƙusar da ka saya ce ta kashe ni da dariya. Wai ɗan ƙarfe mai tsini da mariƙin katako, a soka shi a gindin tabar idan ta kusa ƙarewa, don a ci gaba da zuƙa yatsu ba su ƙone ba. Tsinken tsire ne fa aka yi wa kwalliya, Alhajin Allah! Turawan ma wasu da tsinken sakace suke yi, wasu da ɗan cokalin riƙe dafaffiyar masara, wasu su cusa guntun a lofe. Kai da ka fi kowa sanin ciniki, yaya aka yi aka sayar maka da ƙusa a farashin agogo? Ko da yake na gane lissafin: ƙusa sau ɗaya ake saye, guntu kuwa kullum ana asararsa.

To amma ƙarshen nan da kake wa wannan hidima, nan ne zafi da ɗaci suke taruwa. Duk hayaƙin da ka ja ta nan ya bi, ya bar baƙin dattinsa da nikotin. Shi ya sa da yawa suke ajiye ta tun da sauran tsawon ɗan yatsa, ta mutu da kanta. Kai sai gashin baki ya yi ƙauri, kai yana juyawa, kana cewa nan daɗin yake. Daɗi ko rowa?

Churchill na Ingila, wanda har wani samfurin tabar Romeo y Julieta ke ɗauke da sunansa, yakan bar tasa a rabi. Wani guntu da ya bari a filin jirgin Faris a 1947, an yi gwanjonsa a Amurka a 2017 kan dala dubu 12. Kash, da ban faɗa maka ba! Yanzu za ka fara tara naka a gwangwanin madara, kana jiran jikoki su kai kasuwar Kwari.

Shi kuwa Castro, wanda dominsa aka fara naɗa tabar Cohiba a 1966, ya daina sha tun 1985. Ka bi sahunsa mana, tarin nan naka har a waya yana firgita yara. Ƙusar ba za ta yi asara ba, ka aiko wa ubangidanka ita, akwai balangu ranar Juma'a. Kuɗin mota kuma a kanka.